Tambaya da Amsa: Rina Fatar Kujerar Babur Baƙi Ba Tare da Zanen Ya Ɓace Ba

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan watan, dukkansu daga Zariya da kewaye, kuma dukkansu a kan kujerar babur da aka lulluɓe da fata ta gaske aka buga mata zane da hannu. Ta farko ce ta fi ɗaukar wuri, domin abin da ya sami mai ita yana samun kusan duk wanda ya fara wannan aiki.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne a Tudun Wada, shekarata huɗu ina koyon dukanci a wajen kawuna. Wani ɗan kasuwa ya kawo mini kujerar babur ɗinsa, ya ce in cire ledar da ke kai in sa ƙirgin saniya, in buga masa dagi a tsakiya da ganyaye a gefe, kuma yana son ta fito baƙa wuluk. Kwana tara na yi ina buga zanen, har kawuna ya yaba. Da na shafa baƙin rini na kwalba sai aikin ya lalace: launin ya fito dabbare-dabbare, zanen ya nutse ba a ganinsa sai an matso kusa, sannan ranar Juma'a mai babur ya hau da farar shadda, kafin ya isa masallaci bayan rigarsa ya yi baƙi. Ya dawo mini da kujerar cikin ɓacin rai. Ina kuskuren yake, kuma za ta gyaru?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji zafin abin da ya same ka, domin kwana tara a sunkuye da guduma ba ƙaramin aiki ba ne, kuma kunyar da baduku ke ji idan aka dawo masa da aiki ta fi asarar kuɗin ciwo. Kujerar za ta gyaru in Allah Ya yarda, amma sai ka fahimci abin da ya faru a jikin fatar tukuna.

Rinin kwalba da ka shafa garin launi ne da aka narkar a cikin sifirit. Sifirit ɗin yana jan launin ya shiga fata, sannan ya bushe cikin ɗan lokaci, musamman a irin iskarmu ta hunturu, kuma duk launin da bai samu shiga ba kafin bushewar yana nan kwance a sama kamar ƙura. A sauran launuka wannan ƙurar ba ta da yawa, amma baƙi shi ne ya fi kowane launi nauyin gari, shi ya sa ya fi barin saura. Wannan saurar ce ta hau rigar mutumin, gumi da zafin zama suka taimaka mata. Dabbare-dabbaren kuma daga aikinka mai kyau ya samo asali, domin duk wurin da ƙarfen zane ya daka ya matse zaren fatar ya yi santsi, ba ya shan rini kamar wurin da ba a taɓa ba. Ka haɗa da maiƙon hannunka na kwana tara, wanda ido ba ya gani amma rini yana gudunsa, sai ka ga dalilin da wani wuri ya sha ya ƙoshi, wani kuma ya ƙi.

Dukawanmu na da ba su san wannan matsala ba, saboda baƙinsu, wato kuloko, ba shafe ba ne. Suna jiƙa kashin maƙera ko tsofaffin ƙarafa a ruwa tare da wani abu mai zaƙi ko mai tsami, su bar shi ya kwana biyu har ya ɗauki ƙarfen. Ruwan da ke fitowa ba shi da wani baƙi na a zo a gani, amma da zarar ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa sai ta rikiɗe a gaban idonka. Dalili shi ne, baurin nan na bagaruwa da majemi ya cika fata da shi, wanda masana ke kira tanin, idan ya haɗu da narkakken ƙarfe sai su zama wani sabon abu baƙi a cikin zaren fatar kanta. Babu wani gari da aka ɗora a sama, saboda haka babu abin da zai goge ya hau riga. Na tuna ranar da na fara ganin haka ina yaro, a zauren wani tsohon baduku a cikin birni: ya tsoma tsumma a wata tsohuwar tukunya mai warin tsami, ya ja shi sau ɗaya a kan wata fata mai launin ƙasa, layin ya yi toka-toka, kafin ya mayar da tsumman tukunya ya koma shuɗi mai duhu, sannan ya zama baƙi. Irin wannan haɗi na ƙarfe da bauri ne aka yi ta yin tawadar rubutu da shi a Turai da ƙasashen Larabawa tsawon ɗaruruwan shekaru.

Idan babu tukunyar kuloko a shagon kawunka, haɗa naka ba wuya. Ka sami farin khal, wato ruwan tsamin nan na girki (binega), lita ɗaya, ka zuba masa cikin tafi ɗaya na garin ƙarfe daga wajen masu walda ko ƙusoshi na baƙin ƙarfe, bayan ka wanke musu mai. Ƙarfen da ba ya tsatsa da wanda aka lulluɓe da farin ƙarfe irin na kwanon rufi ba za su yi ba. Kada ka toshe bakin kwalbar gam, domin haɗin yana fitar da iska mai iya fasa ta, kuma iskar tana kama wuta. Bayan mako ɗaya zuwa biyu ka tace da ƙyalle, ka gwada a kan guntun da ya rage daga ainihin ƙirgin da ka yi kujerar da shi. Idan ya tsaya a toka-toka ko shuɗi-shuɗi, baurin fatar ne ya yi kaɗan, sai ka dafa dakakkiyar bagaruwa ko baƙin ganyen shayi mai kauri, ka bar ruwan ya huce, ka shafa wa fatar, ta ɗan sha iska, sannan ka maimaita kulokon. Kada ka yanke hukunci a kan launin kafin ka shafa mai, domin baƙin ƙarfe yakan yi fari-fari idan ya bushe, mai ne ke fito da duhunsa na gaskiya.

Sai dai kuloko yana da nasa haɗarin, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ƙarfe da tsami idan suka yi yawa a jikin fata suna cinye ƙarfinta a hankali, har fuskarta ta riƙa tsagewa, kuma kujera abu ce da ake lanƙwasawa kullum. Saboda haka shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai nauyi. Bayan launin ya kama, ka narkar da cokali ɗaya na bekin soda a lita ɗaya ta ruwa, ka goge fatar da shi sau ɗaya cikin hanzari, ka bi da ruwa mai tsabta. Wasu suna amfani da jiƙon kanwa, kuma yana yi, amma ƙarfinsa ba ya da ma'auni ɗaya, kuma idan ya wuce kima yana ƙona fata fiye da tsamin da ake son kashewa, domin fatar bagaruwa a ɗabi'arta tana son ɗan tsami-tsami. Sannan ka kula da lemon tsami. Yana da amfani wajen wanke maiƙon hannu kafin rini, amma bayan rini kada ya kusanci kujerar, domin shi ne maganin tabon ƙarfe, zai kuma cire maka baƙin da ka sha wahala a kansa.

Yanzu ga maganar zanen da ya nutse, kuma a nan ne nake ganin ya kamata ka zauna da mai babur ku yi magana ta gaskiya. Zanen bugu da inuwa yake rayuwa. Ido yana ganin dagi ne saboda ramin da ke gefensa ya fi samansa duhu, kuma idan aka buga zane a fata mai ɗanshi daidai, wurin da ƙarfe ya daka yakan yi launin goro da kansa, wanda shi ne rabin kyawun aikin. Ranar da ka mayar da komai baƙi ɗaya, ka kashe bambancin da ke tsakanin tudu da kwari. Wannan salon zane mai zurfi na furanni da ganyaye ya bunƙasa ne a wajen masu yin sirdi na yammacin Amurka, har akwai salon da ake kira da sunan garin Sheridan, daga can kuma ya hau kujerun manyan babura, kuma mafi yawan sirdunan da suka yi suna a can ba baƙaƙe ba ne, launin fata ne da mai ya duhunta. Ka dubi kayan dawakin Hawan Sallah a nan Zazzau ma: baƙi a wurin dukawanmu layi ne da ke fito da ja da kore, ba kasafai yake cinye fili duka ba.

Shawarar da nake ba duk wanda ya zo mini da irin wannan buƙata ita ce a rina filin kujerar da bayan zanen baƙi, a bar dagin da ganyayen cikin ja mai duhu ko ruwan ƙasa. Karan dafi yana ba da jan da ya dace da wannan, kuma idan aka bi shi da kuloko da aka tsinke sosai da ruwa yana komawa ja mai duhu kamar busasshen zoɓo. Ana yin aikin da ƙaramin burushi, a fara ɗora shi a tsakiyar filin da za a rina, a bar ruwan ya tafi da kansa zuwa bakin yankan wuƙar da ya zagaye zanen, inda yankan ke tare shi. Idan ka fara daga bakin zanen da burushi cike, ruwan zai tsallaka, kuma kuloko ba ya yafe kuskure. Daga nesa irin wannan kujera baƙa ce, daga kusa kuma aikin kwana tara yana nan a fili.

Tunda taka ta riga ta sha baƙi ko'ina, ga yadda za ka ceto ta. Ka jiƙa farin tsumma da sifirit ka goge ta, kana canza tsumman, har ya daina ɗauko launi mai yawa, ka bi ramukan zanen da tsohon burushin haƙori domin a can garin ke taruwa. Ka bar ta ta bushe a inuwa. Idan ba ka riga ka shafa mata kaki ko wani abin da ke rufe fuskar fata ba, kuloko zai shiga ya daidaita wuraren da suka yi haske. Bayan wanki da bushewa, ka shafa mai kaɗan ƙwarai da tsumma, ka bar shi kwana ɗaya cur ya bazu. Majemanmu sun saba da man gyaɗa, masu aikin sirdi na waje kuma da man ƙafar saniya, kuma kowanne ka samu ka riƙe hannunka, domin mai idan ya yi yawa fata takan yi laushi, zanen ya kwanta, ba kuma a iya fitar da shi. Daga nan sai guga da busasshen farin ƙyalle, da ƙarfi, har ƙyallen ya fito fes. Domin zanen ya sake bayyana, ka goge saman dagin da ganyayen da santsin ƙaho ko ƙashi har su yi sheƙi, ka bar filin baya a dushe. Baƙi mai sheƙi a kan baƙi mara sheƙi ido yana rarrabe su. A ƙarshe ka narkar da kakin zuma da ɗan man kaɗanya ka shafa siriri, ka goge. Kafin ka kira mai babur, ka shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗan ɗanshi a kan kujerar, ka zauna a kai na rabin sa'a da rana, ka duba shi da kanka.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai ɗinkin kujerun mota da na babur ne a Sabon Gari. Na sayi wata fata mai laushi da kyau, na jiƙa ta na buga zane, washegari zanen ya tashi kamar ba a yi ba. Na shafa kuloko kuma ko gezau. An cuce ni ne da fatar roba?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ga dukkan alamu fatarka ta gaske ce, jimarta ce dabam. Manyan masana'antu suna jeme mafi yawan fatarsu da gishirin kurom, wanda ke gama aiki cikin kwana ɗaya ko biyu, ya ba da fata mai laushi da jure ruwa da zafi, irin ta takalma da jakunkuna. Wannan fata ba ta riƙe bugu, domin zarenta yana komawa yadda yake bayan an danna shi, kuma babu baurin bagaruwa a cikinta da ƙarfe zai kama. Galibi ma an riga an rufe fuskarta da fenti tun daga masana'anta, wanda ke hana kowane rini shiga.

Gane ta a kasuwa abu ne mai sauƙi. Ka yanki bakinta ka duba tsakiyar kaurin, idan ka ga launin toka mai shuɗi-shuɗi kurom ce, idan kuma ruwan ƙasa ne daga sama har ƙasa galibi jimar itatuwa ce irin ta bagaruwa. Ka ɗiga ruwa a fuskarta, ta bagaruwa za ta shanye ta yi duhu, kuma idan ka danna farce alamar za ta zauna. Guntun fatar kurom idan aka ƙona shi yakan bar toka kore. Ni dai ba na zuwa sayen ƙirgi sai da ƙaramar kwalbar kuloko a aljihu, ɗigo ɗaya a gefe ya raba gardama.

Ka lura da kauri kuma. Kujera mai zanen bugu tana son ƙirgin saniya mai kaurin milimita 3 zuwa 3 da rabi, domin wuƙar zane tana shiga kusan sulusin kaurin, dole a sami abin da ya rage ya ɗauki nauyin mutum. Jar fatar akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko saboda a da ta can fatake suke bi da ita, ba ta da na biyu wajen jaka da rufin littafi, amma kaurinta bai wuce kimanin milimita 1 ba, ba za ta ɗauki wannan aiki ba. Samun ƙirgi mai kauri mara tabo yana da wuya a yanzu, saboda fatar shanu da yawa tana tafiya tukunya a matsayin ganda, wadda ta rage kuma sau da yawa tana ɗauke da tabon kaska ko yankan wuƙar mai fiɗa. Idan ba ka samu a nan ba, kasuwar Ƙofar Wambai a Kano wuri ne da masu sana'ar ke zuwa. Mu a Zariya kuma muna da gata, tunda cibiyar tarayya ta nazarin fata da koyar da aikinta, wadda aka fi sani da NILEST, tana nan Samaru, kuma bai kamata mai sana'ar fata ya zauna a garin nan bai taɓa taka ƙafarsa can ba. Fatar da ka riga ka saya ba asara ba ce, ka yi kujera mara bugu da ita, ka ƙawata ta da ɗinki, za ta ma fi ta bagaruwa jure damina.

Tambaya: Baba, ina wuni. Ni ɗan acaba ne, ina jigila tsakanin Kwangila da Samaru. Na ga irin kujerar nan ta burge ni, ina so in tara kuɗi in yi wa Bajaj ɗina baƙa. Za ta jure aikinmu?

Amsa: Lafiya lau, ɗana, Allah Ya tsare hanya. Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce, ba na ba ka shawarar ka zuba kuɗin guminka a kanta. Kujerar acaba doguwa ce, sosonta mai laushi ne, mutane suna hawa suna sauka daga asuba zuwa dare. Ƙirgi mai zane yana son soso mai tauri a ƙarƙashinsa, domin idan yana nutsewa yana tasowa sau ɗari a yini, a layukan da wuƙa ta yanka zai fara tsagewa. Sannan babur ɗinka a rana yake wuni. A watan Maris da Afrilu baƙar kujera tana ɗaukar zafin da fasinja zai ji shi ta cikin riga, zafin kuma yana busar da man fatar. Idan Agusta ta zo, ramukan zanen suna riƙe ruwa, kuma fatar bagaruwa idan ta jiƙe sannan rana mai zafi ta buge ta, takan ƙanƙance ta yi tauri. Ɗigon fetur daga bakin tanki ma yana narkar da kakin da ke kare ta ya bar tabo.

Idan ranka ya kafe a kan fata, ka sa a yi maka ƙaramin shimfiɗi mai zane wanda ake ɗaurawa a kan wurin zaman direba da madauri, a kwance shi idan hadari ya haɗu. Maimakon baƙi ka zaɓi ruwan ƙasa mai duhu, wanda mai da rana kaɗai suna ba da shi ba tare da rini ba, tunda fatar bagaruwa tana ƙara duhu da kanta idan tana shan rana. Idan ruwa ya taɓa shi ka goge, ka shanya a inuwa, nesa da wuta da salansa. Ka shafa masa ɗan mai da kakin zuma a farkon hunturu, ka sake kafin saukar damina, kuma kada ka yarda a shafa masa baƙin man takalmi, domin shi ma a sama yake zama, zai kuma hau tufafin duk wanda ya zauna a kai.